WAHALA BA GWANINTA BA CE: A DAINA RENA ƘANANAN KAYAN GANO KUSKUREN KOD

Rubutun makon nan na san ba zai yi wa kowa daɗi ba, musamman wasu daga cikin yayyenmu da suka riga mu shiga harkar haɗa manhaja. A yi mini afuwa tun yanzu. Girmanku yana nan daram, amma maganar ta kai a faɗe ta a bainar jama'a.

Akwai wata aƙida da ta samu gindin zama a tsakanin masu rubuta kod a wajenmu, wai gwani na gaskiya da idonsa kaɗai yake gano kuskure. Yaro ya tambayi yadda ake amfani da dibaga, wato abin da ke tsayar da shiri a tsakiyar aiki don a leƙa cikinsa, sai a ce masa ragwanci ne. Ya sa abin da ke ja masa jan layi a ƙarƙashin kuskure tun yana rubutu, sai a ce ba zai taɓa ƙwarewa ba. Daga nan sai a shiga ba shi labarin yadda a da ake rubuta shafin intanet sukutum a Notepad, da yadda wane ya kwana uku yana neman waƙafi ɗaya da ya ɓace. Ana ba da labarin da alfahari, kamar wanda ya dawo daga fagen fama.

Ni kuwa a ganina kwana uku a kan waƙafi ɗaya asara ce, tunda ƙaramin kayan aiki zai nuna maka shi kafin ka ɗaga yatsa daga madannai. Wanda ya sha wannan wahalar a lokacin da babu yadda zai yi, ya cancanci jinjina. Amma wanda yake tilasta wa na baya su sha ta a yau, alhali maganinta yana nan kyauta, cutar da su yake yi ko da kuwa niyyarsa mai kyau ce.

NEMAN KUSKURE SHI NE RABIN SANA'AR

Dubi yawancin bidiyoyin koyarwa da muke kallo. Malamin yana rubutu, ya kunna, komai ya tafi sumul. An yanke duk wuraren da ya maƙale. Ɗan koyo ya zo ya kwaikwaya, jan rubutu ya cika masa allo, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ne ba shi da ƙwaƙwalwar abin. Babu wanda ya gaya masa cewa jan rubutun nan shi ne abincin yau da kullum na kowane mai wannan sana'a, babba da yaro.

Tun ran gini tun ran zane. Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci gina kwamfutar EDSAC a Jami'ar Kambirij ta Ingila, wadda ta fara aiki a 1949, ya ba da labari daga baya cewa tun a lokacin ya gane babban kaso na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakurai a shirye-shiryen da shi da kansa ya rubuta. Mutumin da ya gina injin ke nan. Shekara biyu kafin nan, ranar 9 ga Satumba 1947, masu kula da kwamfutar Harvard Mark II a Amurka suka ciro wani ƙwaro mai fiffike da ya maƙale a cikin injin, suka liƙa shi a littafin aikinsu. Littafin yana nan har yau a gidan tarihi na Smithsonian. Injiniyoyi sun daɗe suna kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro tun kafin wannan rana, amma labarin, wanda Grace Hopper ta yi ta bayarwa, ya ƙara wa sunan farin jini.

To idan farautar ƙwaro ta girmi kakannin wasunmu, kuma ita ce ke cinye lokacin mai rubuta kod, me ya sa ita ce kaɗai ɓangaren sana'ar da muke ganin abin kunya ne a nemi kayan da za su sauƙaƙa ta?

MAGABATAN DA AKE FAKEWA DA SU, SU NE SUKA ƘERA KAYAN

Masu cewa "mutanen da ba sa amfani da waɗannan abubuwa" ba su karanta tarihin sana'arsu ba. A 1978 Stephen Johnson na Bell Labs, gidan da aka haifi Unix da harshen C, ya fitar da wani ɗan shiri mai suna lint. Aikinsa kawai ya karanta kod ya nuna wuraren da ke da alamar tambaya tun kafin a kunna. Sunan ma daga 'yan zare-zaren da ke maƙalewa a jikin tufa aka samo shi. Richard Stallman ya rubuta dibagar GDB a 1986. Julian Seward ya fitar da Valgrind a 2002 don kama masu wasa da ma'ajiyar kwamfuta ba bisa ƙa'ida ba, kuma a shekarar ce Derick Rethans ya fara Xdebug don masu PHP. Joe Hewitt ya kawo Firebug a 2006, wanda ya share fagen kayan binciken da yanzu ke cikin kowace burauza.

Waɗannan ba ragwaye ba ne. Gwanaye ne da suka gaji da maimaita wahala ɗaya, suka zauna suka ƙera abin da zai ɗauke musu ita, sannan suka raba wa duniya. Gadon da suka bar mana ke nan. Mu kuma mun ɗauki wahalar da suka guje wa mun rataya a wuya kamar lambar yabo.

Je ka Farm Centre a Kano ka ga mai gyaran waya. Kafin ya taɓa komai sai ya ɗauko mita ya auna. Makaniken da ya san abin da yake yi a yau yana jona na'urar bincike a jikin mota ya karanta abin da take kuka da shi, kafin ya kwance ko da kusa ɗaya. Tela yana da tef da alli, magini yana da igiya. Ba mu taɓa jin an ce tela rago ne don ya auna ka kafin ya yanka yadi ba. Wanda ya yanka da ido shi muke gudu.

TAMBAYOYI HUƊU DA KAYAN DA KE AMSA SU

Don kada a ce surutu ne kawai, bari mu sauko ƙasa. Duk mai neman kuskure tambayoyi huɗu yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ta farko: mene ne ainihin abin da ke cikin wannan mazubin? Mazubi nake kiran sunan da ka ajiye wata ƙima a cikinsa. Kusan kowa da print yake farawa, kuma babu laifi. Matsalar ita ce print yana ɓoye wasu abubuwa. A Python, idan ka buga lamba 500 da kuma rubutun "500", iri ɗaya za su fito a allo. Alhali bambancinsu na iya jawo rigima da kwastoma. A JavaScript, idan kuɗin kaya ya zo daga fom a matsayin rubutu, ka ƙara masa 200 na kai kaya, abin da za ka samu shi ne 500200, domin harshen liƙa su zai yi. Ɗan ƙaramin kunshin nan na Python mai suna icecream, da umarninsa ic, yana buga sunan mazubin tare da ƙimarsa, kuma rubutu yana fitowa da alamar zance, nan take ka gane. Tun daga Python 3.8 na 2019 ma, alamar daidai guda ɗaya a cikin f-string tana buga maka suna da ƙima tare. Masu Laravel suna da dd, wanda ke baje komai dalla-dalla ya tsayar da shirin. Masu burauza suna da console.table, wanda ke jera bayanai a jadawali maimakon tarin rubutu mai sa hajijiya. Harshen Rust, da ake yi wa kallon na manyan gwanaye, shi ma ya shigo da nasa mai suna dbg a farkon 2019. Da wannan ɗabi'ar ta duba mazubi ake kama lambar wayar da sifilinta na farko ya ɓace saboda an mayar da ita lamba, da kuma lissafin 0.1 da 0.2 da ke ba da 0.30000000000000004. Wannan na ƙarshen shi ya sa masu hankali suke ajiye kuɗi a kobo, lamba cikakkiya. Paystack ma a kobo yake karɓar adadin naira.

Ta biyu: ta wace hanya shirin ya bi har ya iso nan? A nan dibaga take da amfani. Tun Python 3.7 na 2018, kalma ɗaya, breakpoint, ta isa ta tsayar da shirin a inda kake so, ka riƙa tafiya layi bayan layi kana kallon yadda ƙimomi ke sauyawa. Ba sai ka sauke komai ba, tare da harshen take zuwa. A burauza kuwa danna F12 kawai. A can akwai shafin da ke nuna duk saƙon da ya fita zuwa saba da amsar da ta dawo. Sau nawa mai haɗa fuskar manhaja da mai haɗa bayanta suke cacar baki kan wanda ke da laifi, alhali minti ɗaya a wannan shafin, ko umarnin curl guda ɗaya, zai raba gardamar?

Ta uku: yaushe abin ya lalace? Wannan ita ce tambayar "ai jiya yana aiki". Idan kana ajiye aikinka a Git, akwai umarnin bisect. Ka nuna masa ajiya ɗaya da ka tabbata lafiyarta ƙalau, da wadda ta lalace. Sai ya kai ka tsakiya ya ce ka gwada. Ka ce lafiya ko ba lafiya, ya sake raba ragowar gida biyu. Ko da ajiya 1,000 ce a tsakani, gwaji kamar 10 ya isa ya damƙa maka wadda ta kawo ɓarnar, domin ninka 2 sau 10 yana ba da 1,024. Mutane da yawa sun shekara suna amfani da Git ba su taɓa jin labarinsa ba.

Ta huɗu: me zan iya kamawa tun kafin in kunna? Nan ne jikokin lint suke aiki. ESLint, wanda Nicholas Zakas ya fara a 2013, yana yi wa JavaScript wannan hidimar. ShellCheck na Vidar Holen yana yi wa umarnin Linux. Su ne masu jan layin nan da ake yi wa ba'a.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ake biyan kwabo.

ƘUGIYAR HARUFFANMU

Yanzu ga misalin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muke rubutu da Hausa. Duk wanda ya taɓa tura wa wani rubutunsa, ko ya sa shi a wani shafi, ya san takaicin buɗewa ka tarar ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ko kuma duk sun zama alamar tambaya. A ƙungiyarmu ta marubuta wannan kuka ne na kullum. Da yawa sun haƙura sun koma rubuta k da d da b tsurarsu, har ƙasa da kasa suka zama abu ɗaya, ɓata da bata ma haka.

Mai neman kuskure da ido zai yi ta sauya salon haruffa, yana zargin waya, yana zargin burauza. Mai ɗan ƙaramin kayan aiki kuwa zai buɗe fayil ɗin da xxd ko hexdump, masu nuna ainihin lambobin da ke ƙarƙashin rubutu. A tsarin UTF-8, harafin ƙ lambobi biyu ne, C6 da 99. Idan wani shiri ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da tsohon tsarin Windows-1252, C6 tana ba da Æ, 99 kuma tana ba da ™. Ka ga asirin ya tonu: rubutun bai lalace ba, mai karanta shi ne ya ɗauki tsarin da ba shi ba, kuma gyaransa layi ɗaya ne. Idan kuwa ka ga 3F a wurin, wato alamar tambaya ta gaske, to an riga an zubar da harafin tun lokacin ajiya, galibi saboda an buɗe rumbun bayanan da tsarin latin1 da bai san ƙugiya ba. Cuta biyu ce daban, maganinsu daban, kuma ido ba zai taɓa gaya maka dalilinsu ba.

Haka zancen alamar ɗauri da ke cikin sunayenmu: Mu'azu, Sa'adatu, Isma'il, Rabi'u. Wanda ya haɗa tambayar rumbun bayanai ta hanyar liƙa rubutu da rubutu, shirinsa zai yi aiki lafiya da Musa da Binta, ranar da Sa'adatu ta zo rajista sai ya faɗi. Da zai buga tambayar da aka aika wa rumbun ya karanta, da ya ga alamar ta rufe zancen a tsakiyar suna. Kuma wannan ƙofar ce ɓarayin intanet suke bi su kwashe bayanai. Ƙari a kan haka, alamar kanta ba iri ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta madannai, akwai lanƙwasasshiya da Word ke sakawa da kansa. A ido kusan ɗaya suke, a wajen kwamfuta kuwa haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba. Shi ya sa za ka nemi 'ya'ya a manhaja ta ce babu, alhali ga kalmar kana gani. Umarnin ascii na Python zai fallasa bambancin a layi ɗaya.

Waɗanda suka rubuta darussan da muke kallo ba su da ƙ a sunayensu. Ba za su hango mana wannan ba. Idan ba mu koyi leƙa ƙarƙashin rubutu da kanmu ba, harshenmu ne zai ci gaba da fitowa a gurguje a manhajojin da 'ya'yansa suka haɗa.

KOWA YA RENA GAJERE

A watan Fabrairu 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa ga wayoyinsa. Dalili kuwa, a cikin kod ɗin da ke tantance ko shafin da ka shiga na gaskiya ne, an maimaita layi ɗaya, goto fail, sau biyu a jere. Maimaicin ya sa shirin yana tsallake binciken ƙarshe, ta yadda mugu zai iya shiga tsakaninka da shafin. Idanun ƙwararrun ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya sun wuce layin ba su gan shi ba. Akwai kuwa wani gargaɗi a cikin shirin da ke fassara kod zuwa harshen inji, mai nuna layukan da ba za a taɓa isa gare su ba, wanda da an kunna shi zai yi ƙara a wurin.

A watan Janairu 2015 wani mai amfani da manhajar wasanni ta Steam a Linux ya kai ƙorafi cewa ta share masa dukkan fayilolinsa, har da na faifan ajiyar da ya jona. Umarnin share babban fayil ne aka rubuta, sunan wurin yana cikin wani mazubi. Ranar da mazubin ya zo fanko, sai umarnin ya koma "share komai tun daga tushe". A yau ShellCheck yana da gargaɗi na musamman a kan irin wannan layin.

Idan idon injiniyoyin Apple bai isa ba, Yaya, naka da nawa fa? Kuma kada a ce ai mu ba manyan abubuwa muke haɗawa ba. Shafin sakamakon jarrabawar makarantar unguwa, manhajar lissafin mai kanti, rajistar marasa lafiya a ƙaramin asibiti, duk amana ce. Kuskuren da ya sauya makin yarinya ko ya ninka bashin wani ba ƙarami ba ne a wajen wanda abin ya faɗa wa.

HUJJOJIN ƊAYA ƁANGAREN

Adalci ne a kawo abin da suke da shi. Za su ce Brian Kernighan, ɗaya daga cikin marubuta littafin harshen C, yana ganin babu kayan gano kuskure da ya kai tunani mai kyau tare da print da aka sa a inda ya dace. Za su ƙara da cewa Linus Torvalds ya daɗe yana adawa da sa dibaga a zuciyar Linux, saboda yana ganin tana sa mutum ya gyara alamar cuta ya bar tushenta.

Gaskiya ne, kuma akwai hikima a ciki. Amma a lura, print ɗin ma kayan aiki ne, Kernighan bai ce a zauna a zuba wa allo ido ba. Torvalds kuwa shi ne ya rubuta Sparse a 2003, wani ɗan shiri mai tace kod ɗin Linux, kuma Git ɗin da ya ƙirƙira a 2005 shi ne ke ɗauke da bisect. Dibagar da ya ƙi ma daga baya an shigar da ita, a 2008. Gardamar waɗannan mutane a kan wane kayan aiki ya fi dacewa take. Babu wanda ya ce a shiga daji hannu rabbana.

Hujja ta biyu ita ce kayan aiki suna kashe tunani. A nan na yarda da rabin maganar. Dibaga ba za ta yi maka tunani ba. Wanda bai san abin da yake zato ba, zai yi ta danna "gaba, gaba" har gari ya waye. Dole ka fara da zato, ka ce ina jin matsalar daga nan take, sannan ka sa kayan aiki ya gaskata ka ko ya ƙaryata ka. Akwai ma dabarar da littafin The Pragmatic Programmer na 1999 ya shahara da ita, ta yi wa 'yar agwagwar roba bayanin kod ɗinka layi bayan layi, har ka ji kuskuren da bakinka. Mu marubuta mun san wannan, shi ya sa muke karanta rubutu a bayyane kafin mu miƙa. Sai dai abin da ke kashe tunani da gaske shi ne gajiya. Ƙwaƙwalwar da ta ƙare a kan neman waƙafi ba ta da sauran ƙarfin tunanin tsarin manhaja.

Hujja ta uku ita ce ta talauci: kwamfutocinmu tsofaffi ne, data tsada, wuta babu. Wannan kuwa hujjata ce, ba tasu ba. Wanda ke da wuta awa 24 yana iya ɓarnatar da yini. Wanda batirin laftof ɗinsa awa biyu yake yi, yana zaune a shagon caji ko yana ƙirga man janareta, shi ne ya fi kowa buƙatar abin da zai rage masa aikin awa uku zuwa minti goma. Kuma yawancin kayan nan ba sa buƙatar intanet. Dibagar Python tana cikin Python, F12 tana cikin burauza, bisect yana cikin Git. Sun riga sun shigo gidanka, kai ne ba ka gaisa da su ba.

GUNTUN GATARINKA

Akwai kuma ƙannenmu da suka faɗa ɗaya ramin. Su ba sa karanta saƙon kuskure kwata-kwata. Da jan rubutu ya fito sai a kwafe a liƙa wa ChatGPT, a kwaso amsa a liƙa, idan bai yi ba a sake. Ba na adawa da ƙirƙirarriyar basira, ita ma kayan aiki ce. Amma ba ta ganin abin da ke cikin mazubinka a lokacin da shirin ke gudana, sai abin da ka gaya mata. Wanda ya zo mata da ƙimar da ya gani da layin da abin ya karkace zai samu amsa mai amfani. Wanda ya zo da "ba ya aiki" zai samu zato mai daɗin karantawa. Ga kuma haɗarin liƙa sirrin kwastoma, har da mabuɗan biyan kuɗi, a wurin da ba naka ba. A 2023 Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan an liƙa kod ɗin kamfanin a ciki.

Abin takaicin shi ne saƙonnin kuskuren sun fi da sauƙi nesa ba kusa ba. Python 3.10 na 2021 yana ba ka shawarar sunan da wataƙila kake nufi idan ka yi tuntuɓen harafi. Na 3.11 a 2022 yana ja layi a ƙarƙashin daidai gurbin da abin ya fashe. Mutane sun ɓata shekaru suna gyara waɗannan saƙonni domin ka, kai kuma ko kallonsu ba ka yi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, musamman ranar da data ta ƙare kuma kwastoma yana kira.

Kuma ina ganin laifin wannan ma yana komawa kan masu aƙidar wahala. Yaron da aka ce masa zaɓi biyu ne kawai, ko ido ko kunya, dole ya gudu inda ba za a yi masa dariya ba.

ABIN DA NAKE NEMA

Ga malamanmu na manyan makarantu, da girmamawa. Da yawanmu mun yi difloma muna rubuta kod a takarda ranar jarrabawa, ana cire mana maki kan waƙafi, mun fito ba a taɓa nuna mana yadda ake tsayar da shiri a leƙa cikinsa ba. Wannan giɓin ba namu ba ne mu kaɗai. A Janairu 2020 wasu ɗaliban digirin ƙoli a jami'ar MIT ta Amurka sun shirya darussa na musamman kan irin kayan aikin da manhajar karatu ke tsallakewa, har da gano kuskure, kuma suna nan kyauta a intanet. Idan MIT ta amince tana da wannan giɓin, mu ba mu da dalilin jin nauyi. A ware ko da mako biyu a zango. A ba ɗalibi shirin da aka lalata da gangan, a ce ya gano, ya rubuta matakan da ya bi. Wannan jarrabawar ta fi kama da aikin da zai tarar a waje.

Ga yayyenmu a wannan zaure. Idan ƙani ya turo hoton kuskure, kada a ce masa "je ka yi bincike" a wuce, kada kuma a rubuta masa amsa a ba shi a baki. A tambaye shi me layin ƙarshe na saƙon ya ce, me ya gani a mazubin, yaushe rabon da abin ya yi aiki. A gaya masa sunan kayan da zai amsa masa. Minti biyar ɗinku na iya hana wani ajiye sana'ar gaba ɗaya. Allah kaɗai Ya san yawan masu basirar da muka rasa, maza da mata, saboda sun ɗauka jan rubutu shaida ce ta cewa ba su dace ba.

Ga 'yan uwana masu koyo. A makon nan ɗauki abu ɗaya tak. Idan Python kake yi, sa breakpoint a shirin da ka riga ka rubuta, ka bi shi layi bayan layi ko da babu kuskure. Idan shafin intanet kike haɗawa, danna F12 ki kalli saƙonnin da ke kai da komo. Sannan kowa ya gwada manhajarsa da sunan Sa'adatu da kalmar ƙoƙari kafin ya ce ya gama.

Filin sharhi a buɗe yake. Wanda yake ganin na yi kuskure ya kawo hujja, zan saurara. Wanda kuma yake da wani ɗan kayan aiki da ya taɓa fitar da shi kunya, ya rubuta sunansa da abin da yake yi a layi biyu da Hausa, mu tattara su wuri ɗaya don amfanin na baya. Allah Ya sa mu dace, Ya ƙara mana ilimi mai amfani.